Sunan Sahura a Cikin Kaye

Gidan na ubanta ne, na sani tun ranar da na shiga.
Da muka rabu ko maƙwabta ba su ji ba.
Habsu ta ce, "Harisu, mun gaji."
Na ce, "Mun gaji."
Ta riƙe mai shan nono, na riƙo biyu.
Amalanken jaki ɗaya ya kwashe shekara goma sha ɗaya:
katifa, tukunya mai kunne guda,
da jakar lakwal ta Sahura can bisa, tana rawa.

Daga Bagalam zuwa bakin tasha ba nisa,
ranar sai da hanyar ta yi mini tsawon Damagaram.

Kwana tara muka yi a rumfar faci.
Nazifi ya yi matashi da tsohuwar taya,
da safe zanenta na kwance a kumatunsa
kamar mota ta bi ta kansa cikin barci.

Na taka Zariya, na taka Sabon Gari.
Wani ya ce kuɗin wata uku a gaba.
Wani ya dube ni, ya dubi yaran:
"Ina uwarsu?
Ba mu ba gwauro haya, gidan akwai matan aure."

A ma'aikatar magajin gari
wata yarinya mai tabarau ta saurare ni har ƙarshe,
Allah ya saka mata.
Ta juya takarda gaba, ta juya baya:
gurbin bazawara, gurbin wadda miji ya rasu,
gurbin wanda ruwan gulbi ya ci wa gida.
Ta ce, "Baba, ban ga inda zan sa ka ba."
Bik ɗinta ya tsaya a sama
kamar tsuntsun da ya rasa reshe.

Inna Kuluwa ce, mai awara kusa da rumfata,
wadda shekara shida gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.
Ta ga Sahura na wanke rigar lakwal
cikin ruwan da nake neman hujin taya.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Ta ce, "Alhamis, bayan la'asar. Ka zo da ɗiyar."

Mata ashirin da biyar a kan tabarmi,
akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku,
mabuɗi uku a bakin zane uku.
Ni ina waje, jikin katanga, ina jin ana yanka ni ana aunawa.
"Asusun mata ne."
"To yaran fa, na aljanu ne?"
"In ya gudu?"
"Da taya zai gudu?"
Dariya ta tashi, ta faɗi.
Aka buɗe kaye, aka rubuta: Sahura Harisu,
shekara tara, jikka talatin da shida.

Ɗaki ɗaya ne a Mokoyo.
Ƙofar gwangwani, kwano mai huji biyu,
na liƙe su da abin da na iya: faci.
Daren farko Nazifi ya tambaya,
"Baba, nan ma sai an tashe mu da asuba?"
Na ce a'a.
Ya yi barci har rana ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Na koyi tuƙa tuwo, gudaji sun ragu.
Kitso ya gagare ni.
Ran Juma'a ɗan kabu-kabu kan kawo ƙullin daddawa da kuka,
ba saƙo, ba suna,
amma na san hannun da ke irin wannan ɗauri.

Duk Alhamis nakan ƙirga jikka ɗaya da rabi,
kuɗi masu warin roba da gumi,
in danƙa wa mai bashin.
Ta gyara ɗankwali, ta tuɓe takalmi, ta shiga.
Ni in tsaya jikin katanga
har in ji an kira sunanta,
ta amsa da ƙarfi.